Kada a Yanka Dashbod: Yadda Ake Sa Rediyon Zamani a Tsohuwar Mota

"Na gaji Peugeot 504 daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma har yau bugu ɗaya take tashi. Rediyonta ne ya mutu. Ina son in riƙa jin karatu da labarai daga wayata in ina tuƙi. Mai wayarin ɗin unguwarmu ya ce in sayo mai babban allo irin na Android, zai faɗaɗa ramin dashbod ya zauna daram. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?" Wani mai karatu daga Zariya.

Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Malam, rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan hanya. Kada ka yarda a sa zarto ko wuƙa a jikin dashbod ɗin nan. Duk abin da za a yi wa motar a wannan aiki ana iya warware shi gobe: waya a zare ta, sifika a sauya, rediyo a cire a sa wani. Yanka ne kaɗai ba ya komawa. Allon da kake gani yana sheƙi a shago, nan da 'yan shekaru manhajarsa za ta fara jan ƙafa, rana ta dusar da fuskarsa, ka gaji ka cire shi. Ramin da aka yanka dominsa kuwa yana nan, ya buɗe baki.

Ka kuma tuna irin motar da ke hannunka. An fito da 504 a Faransa a 1968, shekara ta gaba ta lashe kambun motar shekara a Turai. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma bayan Turai ta daina ƙera ta, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Yanzu ba a yin ta. In ka ɓata dashbod, sai dai ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa neman na hannu, kuma yawancin waɗanda za ka tarar rana ta riga ta tsattsaga su. Ranar da ka tashi sayarwa, mai son tsohuwar mota zai leƙa ciki kafin ya buɗe bonet, kuma yankakken dashbod na daga cikin abubuwan farko da zai rage maka kuɗi a kansu.

To, abu na farko ka ɗauko tef ɗin awo. An daɗe ana ƙera 504, an kuma sauya fasalin dashbod ɗinta fiye da sau ɗaya, don haka kada ka dogara da abin da ka gani a motar wani. Rediyon zamani yana bin ma'aunin da Jamusawa suka tsara, wanda ake kira DIN, duniya kuma ta karɓe shi a 1984: faɗi milimita 180, tsayi milimita 50. Mai babban allo ninki biyu ne a tsayi, wato milimita 100, shi ya sa mai wayarin ɗinka yake neman zarto. Tsofaffin motoci da dama kuwa ba su san wannan ma'auni ba sam. Nasu rediyon sanduna biyu gare shi, ɗaya ta murya ɗaya ta neman tasha, da ƙaramar taga a tsakiya, saboda haka abin da ke jikin dashbod ramuka uku ne ƙanana, ba guda ɗaya mai faɗi ba. Ka auna zurfi ma, don ma'aunin bai ƙayyade shi ba. Rediyo mai cin faifan CD yakan kai wajen milimita 160 a zurfi, wanda ba ya cin faifai kuwa, sai Bluetooth da USB kawai, sau da yawa bai wuce 100 ba. A bayan dashbod akwai bututun iska da sandunan waifa da igiyoyin hita, kuma rediyon da aka tura da ƙarfi ya tokare sandar waifa, ranar ruwan farko za ka san an yi ɓarna.

In ka auna ka tarar ramin DIN ne, ka huta. Ka nemi rediyo mai hawa ɗaya, baƙar fuska, mara walƙiyar fitilu kala-kala, mai maɓallin murɗawa. Ina dagewa a kan maɓallin murɗawa don hannu yana gane shi ba sai ido ya bar titi ba, alhali allon shafawa sai ka kalle shi, kuma a tsohuwar mota gurbin rediyo yakan kasance can ƙasa, nesa da inda idon direba ya kamata ya tsaya. Akwai kamfanonin da suka lura da masu irin buƙatarka. Blaupunkt ya sake fito da Bremen da fuskarta ta shekarun 1980 amma cikinta na zamani, Continental yana da wani mai sauƙin fuska da masu tsofaffin motocin Jamus suke so, RetroSound na Amurka kuma yana yin mai sanduna biyu da ake matsar da su su dace da ramukan da ke akwai. Suna da tsada, kuma galibi sai an yi odarsu daga waje. Ba dole ba ne. Pioneer ko Sony ko Kenwood na gaske mai sauƙin fuska zai yi maka aikin.

In kuwa ramin bai dace ba, ka bar tsohon rediyon a inda yake, ko da ba ya magana, ya ci gaba da cike gurbinsa. Sabon sai a ɓoye shi: a cikin aljihun dashbod, ko a rataye shi a ƙarƙashi da ƙarfen da aka ɗaure a notunan da ke wurin tun asali, ko kuma, wanda na fi so ga mai buƙata irin taka, a sa ƙaramin amfilifaya mai Bluetooth a ƙarƙashin kujera. Ba shi da fuska ko kaɗan. Ka kunna mota, wayarka ta kama shi, karatu ya tashi, wanda ya shigo kuma ba zai ga komai ba sai motar Baba yadda ya bar ta.

Kafin ma ka yanke wa tsohon rediyon hukunci, ka kai shi wurin dattijon mai gyaran rediyo, irin waɗanda suka koyi aiki tun zamanin kaset. Sau da yawa abin da ake kira mutuwa fis ne ya ƙone, ko kondensa suka bushe, ko ƙura ta toshe maɓalli. Masu Marsandi W123, wato 200 da 230 ɗin nan da aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, su ya kamata su fi kowa jin wannan. Da yawansu sun zo da Becker ko Blaupunkt, kuma a bayan irin waɗannan rediyo akan sami wani zagayayyen soket da aka tanada don jona na'urar kaset. Ta nan ake shigar da ɗan ƙaramin Bluetooth, rediyon 1978 ya riƙa karɓar murya daga wayar bana. Wasunsu ma suna da maɓalli mai harafin K, wato gajeren zango, inda iyayenmu suke kama sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare, abin da da wuya ka samu a rediyon mota na yanzu.

Wannan ke nan game da gurbi. Inda aikin yake da gaske shi ne wuta, kuma nan ne ake yawan yin gyaran gangar Auzinawa.

Ka cire tsohon rediyon ka haska tocila a ramin. Na san abin da za ka gani, don kusan kullum shi ne: ƙurar hunturu ta shekaru ta yi kauri a kan komai, guntayen wayoyi na rediyo biyu ko uku da aka taɓa sawa suna reto, an murɗe su da hannu an naɗe da baƙin tef, tef ɗin ya narke da zafi ya zama danƙo, in ka taɓa ya manne maka a yatsa, ƙarƙashinsa kuma jan ƙarfen ya yi kore. Ka lanƙwasa ɗaya daga wayoyin asali, za ka iya jin robarta ta yi ƙas ta tsage. Ka leƙa akwatin fis, kada ka yi mamaki in ka ga wanda aka naɗe da takardar kwalin sigari ko aka ɗaure da silin waya. Mai wayarin mai gaggawa zai sa testa, duk wayar da ta kunna masa fitila ya jona a nan. Kada ka yarda. Wayar da ta haura shekara arba'in tana ɗauke da kayanta da ƙyar, ba ta neman ƙari.

Amma tun kafin a taɓa waya, a tabbatar da abu biyu. Na farko, volt nawa motar take? Taka 504 volt 12 ce, kuma negatif ɗin batir ne ke jone da jikin mota, daidai da abin da kowane rediyon zamani yake so. Ba kowace tsohuwar mota ce haka ba. Volkswagen Beetle ta daɗe a kan volt 6, sai wajen 1967 yawancinsu suka koma 12. In batir mai murafu ne, ka ƙirga: uku volt 6 ne, shida volt 12. Na biyu, wane kan batir ne ke jone da jiki? Motocin Ingila da yawa, irin su Morris Minor da tsofaffin Land Rover na kafin ƙarshen shekarun 1960, fozitif ne a jiki. Rediyon zamani kuwa akwatinsa na ƙarfe shi ne negatif ɗinsa. Ka ɗaure shi a irin wannan mota, kafin ka kai hannu ga maɓalli hayaƙi ya tashi. Maganin na dindindin shi ne a juya motar gaba ɗaya ta koma negatif a jiki, aikin da ƙwararre zai yi ba tare da wahala ba, ko a sa na'urar da ke ɗaga volt 6 zuwa 12 ga masu Beetle ta farko.

Sai lafiyar caji. Ka sa mita a kan batir mota na kashe: lafiyayye cikakke zai nuna wajen 12.6. Ka tayar da inji ka ɗan taka totur: ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai 13 ba, matsalarka ba ta rediyo ba ce tukuna. In ya haura 15, regileta ta lalace, kuma ita ce za ta kashe maka sabon rediyon. Tsohon rediyo mai transista yana jure irin wannan hauka fiye da na yanzu mai ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Ga lissafin da masu son ƙara sauti ba sa yi. Altanetar motocin wancan zamani galibi tana ba da amfiya 35 zuwa 55 ne, dinamo kuwa, a motocin da suka fi tsufa, wajen 20 zuwa 30, kuma in inji yana silo kusan ba ta ba da komai. Fitilun gaba biyu masu wat 55 kowace suna shan wajen amfiya 9. Ka ƙara fitilun baya, da koyil, da waifa, da fanka, da esi in akwai. Rediyo shi kaɗai ba ya da ci, amfiya biyu ko uku ne a muryar da mutum zai iya hira a kanta, fis ɗinsa ma yawanci na amfiya 10 ne. Amma amfilifaya mai wat 300 na gaskiya, in aka ƙure shi, zai iya neman fiye da amfiya 30 shi kaɗai. Ka ga ke nan a daren damina, fitila a kunne, waifa na aiki, ga go-sulo, batir ne ke biyan bashin, kuma da safe sai an tura. Wanda ya nace sai ƙaton sauti, to ya fara da sauya altaneta da wayar da ke tsakaninta da batir. Kai da karatu da labarai kake so, ba ruwanka da wannan.

Yanzu ga yadda za a jona. A fara cire kan negatif na batir, a ajiye shi gefe inda ba zai koma ya taɓa ba. A bayan rediyon zamani wayoyin wuta uku ne masu muhimmanci. Ruwan ɗorawa ita ce mai wuta kullum, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye, kuma a yawancin rediyo ita ce ke ɗaukar nauyin wutar gaba ɗaya. Ja ita ce ta makulli, aikinta ta gaya wa rediyo ya farka. Baƙa ita ce ta jikin mota. Ruwan ɗorawar a ja mata sabuwar waya tun daga kan batir, mai kaurin milimita 2.5, a sa mata fis kusa da batir, kada tazarar ta wuce tsawon kamu ɗaya. Mutane suna cewa ai rediyon yana da fis a bayansa. Wancan rediyo yake karewa. Na kusa da batir shi ke kare mota, don in wayar ta goge a hanya ta taɓa ƙarfe, duk tsawonta zai yi ja kamar garwashi a ƙarƙashin kafet, kuma ba abin da zai tsayar da ita sai fis ɗin da ke bakin batir. Inda za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, a bi ramin da ke akwai mai roba a bakinsa. Waya a kan tsiraicin ƙarfe, girgizar hanya za ta yanka ta sannu a hankali.

Jar wayar ita ce ke ba da wahala a tsofaffin motoci, don wasu makullansu ba su da matsayin da ke ba kayan ciki wuta ba tare da an kunna inji ba. A nan masu gaggawa suke yin ɗayan kuskure biyu. Wasu su haɗe ja da ruwan ɗorawa su kai batir kai tsaye. Rediyon zai yi aiki, amma ba ya barci sosai, kuma wasu suna ci gaba da shan wuta ko an kashe su. Ka ɗauka yana shan kashi uku cikin goma na amfiya: a kwana guda ya sha fiye da amfiya-awa 7, a mako guda wajen 50, batir ɗinka kuma mai 60 ne. Irin motar nan da ba a fitar da ita sai Juma'a ko ranar biki, kullum za ka same ta a mace. Wasu kuma su ɗauko wutar daga kan koyil. Nan wuta ce mai datti, cike da tartsatsin fulogi, a wasu motocin ma an rage mata ƙarfi da gangan. Abin da ya dace shi ne a nemo layin da makulli ke kunnawa a akwatin fis, ko a sa wa jar wayar ɗan ƙaramin makunni nata a ɓoye a ƙarƙashin dashbod. Makunnin yana da wata fa'ida. Motar da ke da kontak a cikin distiributa, in ka murɗa makulli ka bar shi a kunne inji ba ya aiki don kana jin labarai a gindin bishiya, wuta tana iya ci gaba da bi ta koyil ba tsayawa, koyil ya yi zafi, kontak ya ƙone. Da makunni na daban, sai ka ji shirinka makulli na aljihu. Sai dai ka riƙa tuna kashe shi.

Baƙar wayar kuwa a yi ta gajeriya, a ɗaure ta da noti a ƙarfen jikin mota na sosai, a goge fenti da tsatsa da sanfefa har ƙarfen ya yi fari. Kada a ɗaure ta a wani falle da ke riƙe da roba. A duba kuma ƙatuwar wayar da ta haɗa batir da jiki, da wadda ta haɗa inji da jiki. Rabin abin da ake ɗora wa rediyo na ƙara da ɗaukewa, daga waɗannan biyun yake.

Duk mahaɗa a like ta da darma ko a matse ta da kan waya na ƙarfe, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗi da tef ba ya shekara a zafin Arewa. Kada a yi amfani da wayar gida mai sili ɗaya, girgiza tana karya ta daga ciki. In za ka sayi waya, ka kankare silinta da reza: in jan ya goge fari ya fito, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba ya ɗaukar wutar da kaurinsa ya nuna. Araha ba ta ado, balle a wayar da za ta kwana jone da batir.

Sifika kuma nan ne sababbin rediyo suka fi mutuwa a tsofaffin motoci, kuma dalilin ɗaya ne. A da, waya ɗaya ake kai wa sifika, ɗayan ɓangaren a jona shi da jikin mota, ko a haɗe negatif ɗin duk sifikun a waya guda. Tsohon rediyo haka aka gina shi. Na zamani kuwa duk wayoyin sifika biyun suna ɗauke da wuta, har wadda aka rubuta wa alamar negatif. Ta taɓa jikin mota, ko ta haɗu da ta wata sifikar, ƙwaƙwalwar sauti ta ƙone, wani lokaci nan take, wani lokaci bayan ta yi kwanaki tana zafi tana shaƙewa. Saboda haka kowace sifika a ja mata sababbin wayoyi biyu nata tun daga rediyo. Launukan sanannu ne: fari gaba hagu, toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya baya dama, mai ratsin baƙi a kowane launi shi ne negatif. Masu W123 da ke da ɗan gargaren raba murya gaba da baya kusa da giya, su bar shi a wurinsa don kyau, amma a tsallake shi, kada wayar sabon rediyo ta bi ta cikinsa.

Sifikun su zama masu ohm 4. Kada a jera biyu a layi ɗaya kai da kai, don sun koma ohm 2 ke nan, rediyo kuma zai yi zafi. Kada rubutun "50W x 4" da ke jikin kwali ya ruɗe ka, ƙarfin da rediyo ke iya riƙewa na gaskiya yana wajen wat 15 zuwa 22 ne a kowane layi, don haka sifika mai sauƙin motsawa ta fi maka wadda aka rubuta wa wat ɗari biyar. In ba ka gane fozitif ɗin sifika ba, ɗauko batirin tocila mai volt ɗaya da rabi ka ɗan taɓa wayoyin biyu a kansa. Za ka ji ɗan "ɗas", ka ga takardar sifikar ta motsa. In ta turo waje, wayar da ke kan fozitif ɗin batirin ita ce fozitif. In aka juya ɗaya daga sifika biyu, ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, sai murya ta fito siririya ba kauri, mai mota ya yi ta zargin rediyo.

Ina za a sa su? Dokar dashbod ita ce dokar ƙofa: ba yanka. Rufin cikin ƙofar 504 mai kyau ya fi sifikar da za a huda shi dominta daraja, ga ruwan da ke bin gilas yana sauka ciki, ga gilashin kansa da kan daki bayan sifika in an sauke shi. In motar tana da gurbin sifika na asali, a cika shi da sabuwa mai girmansa. In gurbin ɗaya ne tak, kamar na Beetle da ke gefen agogon gudu, akwai sifika mai ƙofa biyu da ke karɓar hagu da dama a jiki ɗaya. In ana son ƙari, kafinta ya yi ƙananan akwatunan katako, a lulluɓe su da yadi mai launin kafet, a ajiye a ƙarƙashin kujerun gaba ko a saman kantar baya, a ɗaure su sosai don kada birki ya wurgo su. Na kantar baya rana za ta gasa su ta gilas, don haka a zaɓi masu bakin roba, masu bakin soso suna ruɓewa su zube. Kuma duk inda za a sa sukuru, a leƙa bayan wurin tukuna. Tankin man W123 yana tsaye ne daidai bayan kujerar baya, na Beetle yana gaba, ba nisa da bayan dashbod, batirinta kuma yana ƙarƙashin kujerar baya.

Bayan an gama, wataƙila ka ji baƙuwar ƙara. Ka saurare ta da kyau, don muryarta tana faɗin asalinta. In siririn fito ne da ke hawa in ka taka totur ya sauka in ka ɗaga ƙafa, altaneta ce, ko kuma baƙar wayar ba ta kama jiki sosai ba. A fara gyara baƙar wayar, in bai tafi ba a sa kondensa a bakin altaneta ko matatar ƙara a wayar ruwan ɗorawa. In kuwa ƙas-ƙas-ƙas ce da ke ƙara sauri tare da inji, tartsatsin fulogi ne. A sa fulogi masu rizisto, a na NGK za ka ga harafin R a lambar, kamar BPR6ES maimakon BP6ES, ko a sauya wayoyin fulogi zuwa masu danne ƙara. Ana kuma sa kondensa a koyil, amma a ɓangaren fozitif kawai. In aka sa ta a ɓangaren da ke zuwa distiributa, za ta raunana wutar fulogi, motar ta fara shaƙewa. Gindin eriya ma yana buƙatar ya kama tsabtataccen ƙarfe, in tsatsa ta ci wurin tasha za ta riƙa zuwa da yashi.

Wajen saye, in na hannu ne ka kula da ƙasar da aka yi wa rediyon. Wanda aka yi don kasuwar Japan zangon FM ɗinsa yana farawa daga 76 ya tsaya a 90, sababbi su kai 95, alhali tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108. Ka sa shi a Kano, Freedom Radio da ke kan 99.5 ba za ta taɓa shigo maka ba. Na kasuwar Amurka kuma a matsakaicin zango yana tsalle goma-goma, namu tashoshin tara-tara ne, don haka mita irin 594 ba zai tsaya a kanta daidai ba sai in yana da wurin sauya yanki a cikin saitinsa. Ka sa a jona maka shi da batir a shago, ka nemi tashar da ka saba ji, ka haɗa wayarka, ka yi kira ka ji ko ana jin ka. Jabu ya yi yawa, kuma yakan tona kansa da rashin nauyi da rubutun da ke gogewa da farce.

Kada a mayar da dashbod a ɗaure sai an gwada komai rediyo yana waje a kan tsumma: kowace sifika ita kaɗai, inji a kashe, inji a kunne, fitila da waifa da hon duk a taɓa su a ji ko rediyon zai ɗauke. A kashe mota, a sa mita tsakanin batir da wayarsa ta negatif, abin da ake sha kada ya wuce miliamfiya 50. In rediyon ya shiga gurbi, a tallafe bayansa da ɗan ƙarfe, don nauyinsa kada ya rataya a fuskar tsohuwar roba a hanyoyinmu masu gargada. Tsofaffin wayoyin rediyo da ba a yi amfani da su ba, kada a datse su, a rufe bakin kowace a naɗe a ajiye a bayan dashbod. Ka sa mai wayarin ya zana maka a takarda wace waya ta tafi ina da girman fis ɗin da ya sa, ka ajiye tare da takardun mota. In an cire tsohon rediyon, ka sa shi a leda da maɓallansa da notunansa ka adana a wuri mara danshi, kada ka bar shi a garejin.